Kalmar yau: Hale, da abin da ke ɓoye a cikin "hale and hearty"

  

Kalmarmu ta yau 'yar gajeriya ce, harafi 4 kacal: H, A, L, E. Hale. Ana furta ta "heil", kamar dai yadda kuke furta sale ko male. Wannan E ta ƙarshe ba a jin ta, don haka kada wani ya je gaban mutane ya ce "ha-le", kamar zai kira Halima ya fasa.

Na san da yawanku kun san ta, ko da ba ku san kun san ta ba. Ku tuna darasin rubuta wasiƙa a sakandare. Ka rubuta adireshi, ka rubuta kwanan wata, ka ce Dear Father, sai me? I hope you are hale and hearty. Haddace ta muka yi kamar karatun allo. Baba hale and hearty, aboki hale and hearty, ƙanwa 'yar shekara 7 ita ma hale and hearty. Amma ka tsayar da mutum ka ce masa, to mene ne hale ɗin? Sai ya ce maka ai lafiya kenan. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ya kawo rabi ya bar rabi a hanya, kuma rabin da ya bari shi ne mai daɗin.

In ka buɗa ƙamus na Turanci, irin su Oxford ko Cambridge, za ka ga ma'anar ta haɗa abu biyu, lafiya da ƙarfi, sannan su ƙara da cewa galibi a kan tsofaffi ake faɗinta. To wannan ƙarin shi ne zuciyar kalmar. Hale tana ɗauke da wata "duk da" a cikinta wadda ba a furtawa. Duk da shekaru. Duk da an zaci jiki ya saki. Duk da sa'o'insa sun kwanta, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, shi yana nan da ƙwarinsa.

Mu ma muna da shi a Hausa, kuma namu ya fi armashi in kun tambaye ni: tsoho mai ran ƙarfe. Ko mu ce wane har yanzu da sauran ƙarfinsa. Kowace unguwa akwai irinsa. Dattijon da ya haura 80 amma shi ke riga samari zuwa sahun farko da asuba, ya hau kekensa ya tafi gona, ya fasa goro da haƙorinsa ba sai an gurza masa ba. Ko tsohuwar da har yanzu ita ke tuƙa tuwon gidan biki, in kin ce "Inna kawo in karɓe ki" ta harare ki. Wannan shi ne hale. Bature zai ce: She is still hale and hearty at 84. Ku lura da still ɗin nan, wato har yanzu. Sau da yawa tare suke tafiya da hale, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

In kuna son misalin da duniya ta sani, ga Mahathir Mohamad na Malesiya. A watan Mayun 2018 ya sake zama firaminista yana da shekara 92, bayan ya yi yaƙin neman zaɓe yana hawa dandamali yana jawabi da kansa. Ga kuma Fauja Singh, ɗan asalin Punjab ta Indiya da ya zauna a Birtaniya, wanda ya kammala gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 a birnin Toronto na Kanada a watan Oktoban 2011, a lokacin da aka ce shekarunsa 100. Ya shafe sama da awa 8 yana abu ɗaya, amma ya kai ƙarshe. Kundin Guinness bai amince da bajintar ba saboda ba shi da takardar haihuwa, abin da kakanninmu da yawa za su ce "to, ai mu ma haka ne." Irin waɗannan mutane aka ƙera kalmar dominsu.

Yanzu ku juya ta. Ka ce wa Baturen Ingila, My brother is 19 and he is hale and hearty. Zai fahimce ka, amma zai ɗan tsaya. A ransa zai ce, da me ya same shi? Gwada shi da Hausa ka ji: "Ƙanena ɗan shekara 19, har yanzu da sauran ƙarfinsa." Haba! Wanda ka faɗa wa zai ce, subhanallah, ciwo ya yi? Saboda ba a yabon saurayi da sauran ƙarfi, ƙarfin ai nasa ne. Idan aka ji hale a kan yaro ko matashi, to akwai labari a baya: ya yi jinya ya tashi, ko ya yi hatsari ya tsira, ko an yi ta raɗe-raɗin wani abu ya same shi.

Kafin wani ya ce na zagi malaminsa na Turanci, bari in daidaita. A Turancin Najeriya kalmar ta faɗaɗa. Mai jego da jaririnta hale and hearty, ɗan makaranta hale and hearty, kowa da kowa. Ni ban ɗauki wannan kuskure ba. Turancinmu yana da nasa matsayi. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu kusan 30, har da okada da danfo da Kannywood. Abin da nake so ku riƙe shi ne sanin wanda kuke magana da shi. In wasiƙar Kawu ce a Funtuwa, rubuta abinka. In kana rubuta wa jami'a a waje, ko kana zana jarrabawar IELTS, kana son ka ce kai lafiyarka ƙalau, ka ce I am healthy ko I am in good health. Kada ka ce I am hale and hearty, sai ka zama kamar ɗan shekara 22 da ya ɗaura rawani ya riƙe sanda.

To daga ina kalmar ta fito? Nan ne ni kam nake jin daɗin ta.

A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila shekara 1000 da suka wuce, akwai kalma hal, da dogon wasali, wato "haal". Ma'anarta abu cikakke, wanda bai fashe ba, bai gutsure ba, babu inda ya sami tasgaro. Da tafiya ta yi tafiya, mutanen kudancin Ingila suka riƙa karkata wannan dogon "aa" zuwa "oo". Stan ya koma stone, ham ya koma home, ban ya koma bone. Shi ma hal sai ya koma "hool", daga baya masu rubutu suka liƙa masa W a gaba, wadda har yau ba a furta ta. Kun gane kalmar? Whole. W, H, O, L, E. Wato duka, cikakke.

Amma mutanen arewacin Ingila da na Sukotilan ba su bi wannan karkatar ba. Su har gobe a karin harshensu akwai masu cewa stane da hame. A bakinsu hal ya zama hale. Kun ga kenan hale da whole kalma ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ta tashi a kudu ɗaya ta tashi a arewa. Kamar yadda Bakano zai ce fata, Basakkwace ya ce hwata. Sai daidaitaccen Turanci ya karɓi duka biyun ya raba musu aiki: whole ta ɗauki komai da komai, hale ta tsaya a kan jikin ɗan'adam.

Kuma dangin suna da yawa. Heal, warkewa ko warkarwa, asalinta mayar da abu cikakke. Health, lafiya, wato kasancewa cikakke. Har holy, mai tsarki, masana asalin kalmomi daga wannan saiwa suke fito da ita, abin da ba a taɓa ba, ba a ɓata ba. Jamusawa ma suna da heil da heilig, duk gida ɗaya. Saboda haka a tunanin mutanen da suka gina wannan harshe, mai lafiya shi ne wanda yake a cike, babu abin da aka cire masa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu fa? Kalmarmu ta lafiya aro ce daga Larabci, al-afiya. Wannan L ta farko ragowar "al" ce da ta manne, kamar yadda ta manne a littafi daga al-kitab, labari daga al-khabar, lokaci daga al-waƙt, liman daga al-imam. Yarbawa ma suna da ita, alafiya. Amma dubi yadda muka shimfiɗa ta. Zaman lafiya, ba maganar asibiti ba ce. Sauka lafiya. Rabuwa lafiya. Wani ya buga maka ƙofa ƙarfe 2 na dare ka ce "Lafiya?" Kalma ɗaya ta ɗauki jiki, ta ɗauki hankali, ta ɗauki gari baki ɗaya.

Sai dai da yake kullum a bakinmu take, ta ɗan sassauce, dole sai mun ƙara mata gishiri. Lafiya lau. Lafiya ƙalau. Garau. Sumul. Ras. Ya warke sarai. Yana cikin ƙoshin lafiya, wato ya ci lafiyar har ya ƙoshi. Bature ba shi da wadatar irin waɗannan kalmomi na amsa-kama, shi sai ya haɗa kalma biyu masu fara da sauti ɗaya don su yi daɗin faɗi: safe and sound, hale and hearty. Shi ya sa da wuya ka ji hale ita kaɗai a yau. Ta tsufa, ita ma sai da 'yar rakiya take fita.

'Yar rakiyar, hearty, daga heart take, zuciya. Tana nufin abin da aka yi da dukkan zuciya, babu ƙwauro. A hearty laugh, dariya ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki. A hearty welcome, tarba hannu bibbiyu. A hearty meal, abinci mai riƙe ciki, irin tuwon shinkafa da miyar taushe, ba shayi da biskit ba. A hearty appetite, mutum mai cin abinci da kyau. To in ka haɗa su, hale ta ce jiki garau, hearty ta ce ga kuzari ga fara'a ga ci. Mu ma in mun je dubiya abin da muke fara tambaya kenan: yana cin abinci? In aka ce ai ɗazu ya shanye kwanon kunu har ya nemi ƙari, sai kowa ya yi ajiyar zuciya.

Yanzu ga inda ake zamewa. Ku buɗe Facebook ku rubuta "hail and hearty" ku ga yawan mutanen da suka rubuta ta haka, H, A, I, L. Furucinsu ɗaya, shi ya sa. Amma hail ƙanƙara ce, wadda ke faɗowa da ruwan sama ta farfasa ganyen masara. Akwai kuma hail ta jinjina da gaisuwa, wadda 'yan Legas ke cewa I hail o, ita ce kuma a cikin sunan taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Abin dariya, wannan hail ta gaisuwa ita ma 'yar dangi ce ta nesa, daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, asalinta yi wa mutum fatan lafiya. Amma dangantaka ba ta sa mai gyaran jarrabawa ya yafe maka. In lafiya kake nufi, H, A, L, E.

Wasu kuma su ce hale and hardy. Hardy daban ce, ita juriyar wahala take nufi. Raƙumi hardy ne, jaki hardy ne, gero da ke fitowa a jigawa da ɗan ruwa kaɗan hardy ne. Sannan inhale da exhale, shaƙa da fitar da numfashi, kada kamar ta ruɗe ku, daga Latin suke, babu abin da ya haɗa su da kalmarmu sai kamar rubutu. Kama da wane ba ta wane.

Wani abu kuma, hale ta mutum ce. Ba a cewa hale food, ba a cewa hale economy. Abinci healthy ne, tattalin arziki healthy ko robust. In saurayi ne mai motsa jiki, fit. In tsoho ne mai zafin nama da kazar-kazar, akwai spry da sprightly. Kishiyar hale kuwa ita ce frail, wanda jiki ya saki, sai an riƙe shi.

To, mu zo kan abin da ya sa na zaɓi kalmar nan, don ba saboda jarrabawa kaɗai ba ne.

A ƙasar nan hale and hearty ta sami wani aiki na musamman: ƙaryata jita-jita. Waɗanda suka yi wayo a 2017 za su tuna. Ranar 19 ga Janairu marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tafi Landan hutun da aka ce na kwana 10 ne. Kwanakin suka cika bai dawo ba, aka tsawaita, gari ya ɗauka, har da masu cewa ya rasu. A watan Fabrairu mukaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya shaida wa 'yan jarida cewa sun yi magana da shi ta waya, kuma yana nan hale and hearty. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed shi ma ya yi amfani da kalmar. Ranar 10 ga Maris shugaban ya sauka a Kaduna, saboda ana gyaran filin jirgin Abuja, kuma da bakinsa ya ce ba ya tuna ya taɓa ciwo irin wannan tun yana saurayi, har ya ambaci ƙarin jini. A watan Mayu ya koma Landan ya yi sama da kwana 100.

Ba siyasa na kawo muku ba, kuma a yi adalci: masu cewa ya rasu su ne suka shirga ƙarya, mutumin ya warke, ya sake cin zaɓe a 2019, ya kammala mulkinsa a 2023. Masu magana da yawun gwamnati hankalin jama'a suke son kwantarwa. Amma ta fuskar harshe, dubi abin da ya faru da kalmar. Abin da ake son a ce shi ne yana raye, yana samun kulawa. Abin da kalmar ke cewa shi ne garau yake, cike da kuzari. Tsakanin biyun akwai tafiya. Kuma tun daga nan, duk lokacin da ɗan Najeriya ya ga an fitar da sanarwa cewa wani babba hale and hearty ne, sai ya ce to, ruwa ba ya tsami banza. Kalmar da aka yi don ta kashe shakka ta koma ita ke tayar da shakka. Ai kun tuna "duk da" ɗin nan da na ce tana ɓoye a cikinta? Ita ce ke leƙowa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne wani wurin daban. Duk mai karanta labarai ya saba ganin sanarwar an ceto ko an sako waɗanda aka yi garkuwa da su, a ƙarshe a ce an miƙa su ga iyalansu hale and hearty. Na san abin da mai rubutun yake nufi, babu harbi, babu karaya, da ƙafarsu suka fito. Alhamdulillahi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yarinyar da ta yi wata 2 a daji, tana kwana a ƙasa, tana shan ruwan kududdufi, tana jin ana ciniki a kan ranta ta waya, ita ce cikakkiya, babu abin da aka cire mata? Ita ce mai dariya da dukkan zuciya? Wannan yarinya za ta iya wata da watanni in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Hatsarin kalmar a nan shi ne tana rufe fayil. Da an ce hale and hearty, 'yan'uwa su zo barka, a yi sadaka, shikenan kowa ya watse, babu mai tunanin a kai ta ta ga likita, balle likitan ƙwaƙwalwa. In kai ɗan jarida ne ko mai rubuta sanarwa, Turanci bai rage ka da komai ba. Ka ce alive, suna raye. Ka ce unhurt in da gaske ba a ji musu rauni ba. Ka ce in stable condition in likita ya duba ya faɗa. Ka bar hale and hearty sai ranar da ta zama gaskiya.

Kuma kada mu ɗora wa Turanci laifi shi kaɗai, mu ma gwanaye ne. "Ya jiki?" "Da sauƙi." Mutum yana kwance ko magana ba ya iyawa, da sauƙi. Ni ba na sukar wannan, tarbiyya ce da tawakkali, kuma mai dubiya ma ya san ba rahoton asibiti aka ba shi ba. Matsalar ita ce in an ɗauki "da sauƙi" an shiga da ita ɗakin likita. Likita ya ce Baba ya jikin, Baba ya ce Alhamdulillahi da sauƙi, ɗan da ya rako shi ya yi shiru saboda kunya, alhali kwana 4 Baba bai yi barci ba saboda numfashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kai ka raka shi, aikinka ne ka ce, likita, ga abin da muke gani a gida.

Wani abin mamaki, masana lafiya na duniya sun ɗauki haruffan nan 4 sun yi ma'auni da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da abin da take kira HALE, da manyan baƙaƙe, taƙaitawa ce ta kalmomin da ke nufin yawan shekarun da ake sa ran mutum zai yi cikin ƙoshin lafiya. Ba tsawon rai kawai ba, a'a, shekarun da zai yi kafin ciwo ko nakasa su ci ƙarfinsa. A alƙaluman 2019, matsakaicin tsawon rai a duniya kusan shekara 73 ne, amma shekarun ƙoshin lafiya wajen 63 zuwa 64. Tazarar kusan shekara 10 kenan da mutum zai yi yana raye amma yana fama. A Japan tsawon rai ya kai 84, na ƙoshin lafiya 74. Namu na Najeriya, na ƙoshin lafiyar bai kai 60 ba. Wato tsoho mai ran ƙarfe ɗin nan da muke alfahari da shi, dalilin da ya sa muke nuna shi da yatsa shi ne ba su da yawa.

Kuma ganin ido ba ya wadatarwa. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to hawan jini bai san wannan karin maganar ba. Hukumar ta ce sama da mutum biliyan 1 ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, don galibi ba ya nuna alama. Mutum yana cin tuwonsa, yana dariyarsa, yana zuwa kasuwa, kowa na cewa wane ai ƙarfe ne, ranar ɗaya a ce ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Awon ba ya cin minti 5, kuma kemis da yawa suna da na'urar. In awo yana kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, maganar likita ce. Saboda haka kafin ka rubuta a Facebook cewa mahaifinka hale and hearty ne yana da shekara 70, ka ja shi da lallami a auna, kai ma ka miƙa hannunka a auna, don ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne.

Bari in ba ku jimloli da za ku iya ɗauka yadda suke. My grandmother is 90, but she is still hale and hearty: kakata shekararta 90 amma har yanzu da ƙarfinta. He came back from the surgery hale and hearty: ya dawo daga tiyatar garau. Wannan ya halatta ko matashi ne, tunda akwai abin da ya tsallake. A hale old farmer: wani tsohon manomi mai ran ƙarfe, nan ta fito ita kaɗai babu rakiya, salon littafi kenan. Ƙamus zai nuna muku haler da halest, amma da wuya ku ji su a bakin mutum, kada ku wahalar da kanku.

Aikin gida: kowa ya nemo mutum ɗaya a danginsa ko unguwarsu da ya cancanci kalmar nan da gaske, ya rubuta jimla ɗaya ta Turanci a kansa, ba sai an sa suna ba, sannan ya fassara ta da Hausa ba tare da ya yi amfani da kalmar lafiya ba. Ina so in ga wa zai kawo min abin da ya fi "mai ran ƙarfe". 'Yan Sakkwato da Katsina da Damagaram, na san kuna da naku da mu ba mu sani ba, a fito da su.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki kishiyarta, frail, mu ga abin da ya haɗa ta da fragile ɗin nan da ake rubutawa a jikin kwalin talabijin. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, marasa lafiya na gida da na asibiti Allah ya ba su sauƙi.